Takardar Luba

Ni na rubuta ta da hannuna,
a rumfata ta bakin tashar Yawuri,
wata Litinin ana yayyafi.
Luba ta shigo, mayafinta na ƙamshin banda,
Arzika na biye yana kaɗa makullin jirgi,
saura kwana tara a shafa fatiha.

Ta ce, Malam, jiƙa alƙalaminka.
Na taɓa aure, na fito daga ni sai zanen ɗaurawa,
wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.
Rubuta: murhun banda huɗu nawa ne,
da rumfar kasuwa, da duk abin da suka haifa.
Arzika ya yi dariya, ya ce to jirgi da injinsa nawa,
kuma tunda tana da nata, sai ta ci da kanta.
Ta ce, in na riga shi kwanta dama
kada ya gaji ko allura, na marayuna ne.

Na ɗago kai na ce, biyun ƙarshen nan guragu ne,
ba za su taka su kai ƙofar kotu ba.
Suka ce, kai dai rubuta.
Na rubuta, na karɓi kuɗin tawada.
Sau biyu na karanta musu a bayyane,
Cindo mai gishiri da Altine direba suka sa hannu,
waliyyinta ya dangwala babban yatsa.

Shekara goma sha ɗaya tana kwance a gindin adaka,
tsakanin turare da katin asibiti.
Sai injin jirgi ya mutu a tsakiyar damina.
Arzika ya tuna shi ya yi wa rumfar nan kwano,
ya jinginar da ita a ɓoye, ya sayo sabo.
A bakin mai bashi Luba ta ji.

Aka aiko mini sammaci, gwiwata na ciwo na je.
Alƙali ya ware takarda a hankali, ta tsage a lanƙwasa.
Bai fara da abin da ke ciki ba.
Ya ce, wa ya rubuta? Na miƙe.
Kafin aure ko bayansa? Kafin.
Akwai wanda aka matsa wa? Akwai wanda ya ɓoye dukiya?
Arzika, da ka sa hannu, ka san me ka sa wa?
Ya sunkuyar da kai, ya ce an karanta mini.
Altine ya rasu, amma Cindo na nan da sandarsa,
ya gane hannunsa tun daga nesa.

Sannan alƙali ya bi ta layi-layi
kamar mai tsince ƙaya a jikin ragon ruwa.
Ya ce ciyarwa nauyi ne da aure ya ɗora,
takarda ba ta sauke shi.
Gado kuwa an riga an raba shi tun ba mu zo ba,
tawadar Malam ba ta goge wannan.
Amma rumfa ta Luba ce jiya, tata ce yau,
ba a jinginar da abin wani.
Kuɗin kwano a ƙirga a ba shi,
mai bashi ya bi jirgi.

Kowa ya fito da rabin abin da ya zo nema.
Ba wanda ya ambaci saki.

Washegari da asuba na gan su a bakin ruwa,
za ta tsallaka sarin kifi, jirginsa ne kaɗai ya cika.
Ta shiga, ta kwance bakin zane, ta miƙa kuɗin fito.
Ya dubi kuɗin, ya dubi kogi,
ya ce, wannan ba ya cikin takarda.
Ta ajiye su a kan tankin mai, ta ɗora dutse.
Inji ya tashi. Ban ga wanda ya ɗauka ba.